Tsohon tabon ƙuna ne ya cinye min ƙafa

Ni tela ne. Na haura shekara talatin ina taka keke a Kano, kuma duk wanda ya san ɗinki ya san rabin sana'ar a ƙafa take. Yau ƙafa ɗaya gare ni. In mutane suka gan ni da sanda sukan tambaya ko hatsarin mota ne, ko ciwon suga. In na ce wuta ce ta ƙone ni ina ɗan shekara takwas, sai su ɗauka tun a lokacin aka yanke. Alhali da ƙafata na yi samartaka, da ita na je zance, da ita na tara iyali. Sai da ƙunar ta shekara talatin da shida sannan aka cire ƙafar.

A wani ƙauye na ƙasar Gumel aka haife ni. Abin ya faru ne a hunturun 1984, shekarar da soja suka yi canjin kuɗi. Muna karatun dare a makarantar allo, kowane yaro ya kawo karansa an haɗa wuta, mun kewaye ta muna ɗumi muna karatu. Wandon da ke jikina na gwanjo ne, irin mai santsin nan kamar leda, kuma ina ji da shi. Yara suka fara turereniya, wani ya bangaje ni, ƙafata ta hagu ta faɗa cikin garwashi. Maimakon in tsaya sai na zura da gudu, iska ta ƙara hura wutar. Wani gardi ne ya bi ni ya kayar, ya yi ta watsa min ƙasa. Kafin a kashe, wandon ya narke ya manne a ƙwaurina.

Babu wanda ya kawo zancen asibiti, ni kuma ba na ganin laifin kowa, don a wancan zamani ƙuna a gida ake jinyarta. Aka fasa ɗanyen ƙwai aka shafa, aka kira mai maganin wuta ya yi tofi, aka liƙa gashin zomo. Wata takwas ina kwance a kan tabarma, Inna na zaune a gefena da mafici tana korar ƙuda. A hankali ciwon ya rufe da kansa, daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya bari shi ne tabo tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu, fari-fari da ja-ja, yana sheƙi, gashi ba ya fita a kansa, gumi ma ba ya tsattsafowa. Ban ƙara sa gajeren wando ba. Ko ƙwallo da dogon wando nake bugawa.

Duk hunturu sai tabon ya tsage. In shafa man kaɗanya, ya yi sati biyu ko uku, ya haɗe. Na saba da wannan kamar yadda mai kaushi ya saba da faso. A 1991 aka kawo ni Kano koyon ɗinki, na ƙware a manyan kaya, na buɗe shagona, na yi aure, Allah ya ba mu 'ya'ya shida. Kullum ina taka keke fatar wurin tana miƙewa tana dawowa, kuma ba adadi ƙarfen keken ya sha bugun ƙwaurin. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

A azumin 2017, cikin goman ƙarshe, lokacin da tela ba ya sanin dare ba ya sanin rana, na miƙe da sauri zan ɗauko almakashi sai na bugu da ƙafar keken, daidai tsakiyar tabon. Ɗan ciwo ne bai fi ƙwayar wake ba. Na yagi ƙyalle na ɗaure, na ci gaba da aiki. Aka yi salla, aka yi babbar salla, ciwo bai rufe ba. Na je kemis, yaron ya wanke ya shafa shuɗin maganin nan, ya ɓare kafso ya barbaɗa garin a kai, ya yi min allurai na kwana biyar. Aka auna suga, lafiya lau. Bayan wata shida ya kai faɗin murfin kwalbar lemo. Da shekara ta zagayo ya kai tafin hannun yaro.

Bari in tsaya in kwatanta kamanninsa, don da wani ya kwatanta min a lokacin, wataƙila da yanzu da ƙafa biyu nake wannan rubutu. Gyambon da na saba gani rami yake yi, bakinsa a kwance. Nawa bakinsa tasowa ya yi, ya yi kauri, ya naɗe waje kamar bakin tulu. In ka taɓa gefen sai ka ji tauri. Cikinsa kuma tsiro ne gudaji-gudaji kamar zangarniyar dawa, ko auduga ce ta goge shi sai jini. Abin da ya fi yaudarata shi ne ba ya zafi sosai da farko. Ina ganin ciwon da bai hana ni barci ba, bai hana ni taka keke ba, ai bai kai a kai shi babban asibiti ba.

Wata gwaggona ce ta fara kiran sunansa. Ta zo duba ni, na kwance ƙyallen, ta kalla ta yi salati, ta ce, "Ɗan nan, wannan daji ne. Ka ji tsoron Allah kada ka yarda a sa masa ƙarfe. Daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa. Ranar da aka taɓa shi, ranar zai bazu." Sunan dai ta faɗa daidai. Shawarar ce ta ci min fiye da shekara guda. Kuma ba ita kaɗai ba ce, duk wanda na nuna wa haka yake faɗa, har da masu boko. Kowa yana da labarin wani da aka kai asibiti aka yi masa aiki, bai yi wata uku ba ya rasu.

Aka haɗa ni da wani mai magani a bayan gari. Ya hana ni nama, ya hana ni duk wata miya mai yauƙi, ya ba ni jiƙo da hayaƙi, sannan ya kwaɓa wani baƙin magani ya cika ciwon da shi. Ban taɓa jin azaba irin ta daren nan ba, har ƙunar ta yarinta ban tuna ta kai haka ba. Bayan kwana huɗu naman saman ya yi baƙi ya ɓanɓaro, guda guda. Mai magani ya ɗaga shi da tsinke ya nuna min, ya ce, "Ka ga uwar ta fito." Maiɗakina ta yi waina aka raba sadaka. Sati uku tsakani tsiron ya dawo, ya fi na da faɗi. Ya ce ai mace da miji ne, macen ce ta fita, saura namijin. Na sake biya.

Akwai abin da nake jin kunyar faɗa, amma in na ɓoye shi labarin bai cika ba. Wani ya ce min jifa ne, kuma daga cikin abokan sana'a ne. Zuciyata ta tafi kan maƙwabcin shagona, mutumin da muka shekara goma sha biyar muna cin abinci a kwano ɗaya, don kawai wasu masu kawo min ɗinki sun koma wurinsa. Na daina amsa gaisuwarsa yadda ya kamata. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya kori mutanen ba. Wari ne ya kore su.

Wanda bai zauna da irin wannan ciwo ba ba zai gane warin ba. Yana shiga yadi. Mutum ya kawo shadda mai tsada, ya zo karɓa ya kai hanci, ya yi shiru, ba zai ƙara dawowa ba. Na riƙa kunna turaren wuta a shago tun safe, na riƙa zazzage kwalbar turare a kan bandeji, sai abin ya haɗu ya zama wani wari na daban. A masallaci na koma ƙarshen sahu, daga baya na lura wanda ke kusa da ni yana ɗan matsawa, sai na daina zuwa jam'i, ni da nake buɗe masallacin unguwarmu da asuba. A gida ƙaramar 'yata, mai shekara biyar, ta ɗauki kwanonta ta fita tsakar gida in na shigo. Uwarta ta daka mata tsawa, na ce ta ƙyale ta, yarinya ba ta iya munafunci ba. Ita kuwa maiɗakina, kullum sai ta wanke tsummokaran nan da hannunta ta shanya a bayan ɗaki inda baƙi ba za su gani ba, ban taɓa ganin ta yamutsa fuska ba. Na sha yin kamar ina barci in ji tana kuka.

Wajen tsakiyar 2019 na ji kaluluwa a matsematsina na hagu. Na san kaluluwa, kowa ya sani, in ka ji ciwo a ƙafa takan fito ta yi zafi ta koma. Wannan ba ta zafi, tana da tauri kamar dutse, kuma ba ta koma ba. Sai ga ta biyu a kusa da ita. Ban faɗa wa kowa ba.

A watan Oktoba ina zaune a kan keke na ji ɗumi a tafin ƙafata. Na duba, takalmina ya cika da jini, yana bin siminti. Yaran shago suka ɗaure, ya ƙi tsayawa. Wanda ya tare adaidaita sahu, ya ɗauke ni kamar jariri ya sa a ciki, shi ne maƙwabcin nan nawa. Shi ya ba da jini leda ta farko. Har yau ban gaya masa abin da na taɓa zarginsa da shi ba, ina jin kuma ya sani.

Likitan da ya fara ganina matashi ne, bai fi sa'ar ƙanena na uku ba. Ya buɗe ciwon, ya daɗe yana kallon tabon da ke kewaye da shi fiye da ciwon kansa. Ya ce, "Baba, wannan ƙunar shekararta nawa?" Na ce talatin da biyar. Ya lalubi matsematsina, ya fita ya kira babbansu. Suka ce za su yanki ɗan nama daga bakin ciwon a kai ɗakin gwaji. Na ce sam, ba za a sa min ƙarfe ba. Babban likitan bai yi faɗa ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Malam, na san abin da aka gaya maka. Mutanenmu ba sa zuwa wurinmu sai ciwon ya gama zagaye jiki. Mu yi abin da za mu iya, mutum ya rasu, a ce wuƙarmu ce. Kai shekara biyu ke nan ba a sa masa ƙarfe ba. Ya tsaya?" Ban da amsa. Na miƙa ƙafa.

Sakamakon ya fito bayan sati uku. Sankarar fata ce, irin wadda likitoci ke kira sikwamos sel kasinoma. Ya yi min bayani cewa saman fatar mutum shimfiɗa ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi masu faɗi, jere kamar ɓawon jikin kifi, kullum na sama suna zubewa na ƙasa suna maye gurbinsu. In wuri ya shekara da shekaru yana tsagewa yana haɗewa, ƙwayoyin ba su huta da gyara ba, wata rana sai wasu su kauce hanya, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Babbar 'yata, da take makarantar koyon aikin lafiya a lokacin, ita ta ƙara min da cewa wanda ke fitowa a tsohon tabo ko tsohon gyambo har suna gare shi na kansa, gyambon Marjolin, sunan wani likita Bafaranshe da ya bayyana irinsa a 1828. Ta ce yakan ɗauki kimanin shekara talatin bayan ƙuna kafin ya bayyana, kuma ya fi wanda rana ke jawowa saurin bazuwa. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wato abin da ni da dangina muka ɗauka asiri ne, kusan shekara ɗari biyu ke nan yana rubuce a littafi.

Na ce wa likita ni na ɗauka sankarar fata ciwon Turawa ne. Ya ce su rana ce ke jawo musu, a fuska da kunne da bayan hannu. Mu baƙaƙe launin fatarmu yana tare mana rana sosai, amma wannan nau'in shi ne sankarar fatar da ta fi kama baƙar fata, kuma sau da yawa a ƙafa take fitowa, a kan tabon wuta ko gyambon da ya ƙi warkewa. Ya ce ƙuna mai zurfi irin tawa, da an yi mata dashen fata tun farko maimakon a bar ta ta rufe da kanta, da hatsarin ya ragu ƙwarai.

Sai aka yi hoto. Ciwon ya riga ya ci ƙashin ƙwauri. Na tambaye shi, don ina so in ji da kunnena, da na zo lokacin da yake kamar murfin kwalba me za a yi? Ya ɗan yi jim, ya ce da sun yanke shi tare da kamar santimita biyu na lafiyayyar fata a kewaye, su ɗebo fata daga cinyata su rufe, in koma gida da ƙafata. Yanzu kuwa sai an yanke daga saman gwiwa, a kuma kwashe kaluluwar matsematsi.

Na karɓi takarduna na ce zan je in yi shawara. Wata huɗu ban koma ba.

A watannin nan babu irin maganar da ban ji ba. Yayana ya ce a gidanmu ba a taɓa yanke wa wani gaɓa ba, ba kuma za a fara a kaina ba. Ni ma abin da nake faɗa ke nan, gara in mutu da ƙafata a binne ni cikakke. Ina tunanin bara. Duk mai ƙafa ɗaya da na sani a titi na san shi, da kwano. Ina tunanin wa zai ba 'ya'yan gurgu aure. Inna, da ta tsufa ƙwarai a lokacin, aka kawo ta daga ƙauye. Ta sa na kwance bandejin, ta kalla, sai ta ce ita ce ta tashe ni a daren nan ta ce in tafi makaranta, alhali na ce sanyi nake ji. Shekara talatin da biyar tana ɗauke da wannan, ni ko tunawa ban yi ba. Na ce, "Inna, don Allah ki bar wannan magana." Ta ce, "To ka bari su cire. Na yi jinyar ƙafar nan sau ɗaya, ba zan iya zaman makokinka saboda ita ba."

Limamin unguwarmu ma ya zo har gida, don ya ga ya daina ganina. Na faɗa masa dalili, na kuma tambaye shi ko yarda a yanke ba gazawa ba ce wajen tawakkali. Ya ce jiki amana ne, neman magani kuma umarni ne. Sannan ya ba ni labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga manyan malaman Madina, ɗan Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wanda ciwo ya ci ƙafarsa a tafiyarsa zuwa Sham wurin halifa Walidu, likitoci suka ce sai an yanke, ya yarda aka yanke, ya yi godiya ga Allah da ya ɗauki gaɓa ɗaya ya bar masa uku. Liman ya ce, "Kai ka fi shi tawakkali ne?" Ya kuma ce in dawo masallaci, ruwan da ke fita daga ciwon da ba ya tsayawa an yi wa mai shi rangwame. Na sha jin sunan Urwatu a wurin karatu, ban taɓa sanin ƙafa ɗaya ya ƙarasa rayuwarsa da ita ba.

Na koma asibiti a watan Maris na 2020, aka sa min rana. Sai korona ta shigo, a watan Afrilu aka kulle Kano, aka ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba. Ni da na yi wata huɗu ina gudun wuƙa, na koma ina roƙon Allah ya kawo ranarta. A wannan zaman ne wata ma'aikaciyar jinya ta koya wa maiɗakina ta riƙa daka ƙwayar Flagyl tana barbaɗawa a ciwon in ta wanke. Cikin kwana uku warin ya ragu har ƙaramar 'yata ta dawo tana cin abinci kusa da ni. Shekara biyu ina fama da turare, ashe maganin na 'yan nairori ne.

A watan Yuli aka yi aikin. Daren da za a shiga da ni na roƙi ruwa a roba, na wanke ƙafar tun daga idon sawu zuwa yatsu, na bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai alwala, na yanke mata farce. Tafin ƙafar lafiyarsa ƙalau, har da kantar da takun keke ya yi masa. Na daɗe ina riƙe da shi. Washegari bayan sun ɗebi abin da za su gwada, suka ba ƙanena sauran, ya naɗe a farin ƙyalle ya kai maƙabarta ya binne. Ya ce zai nuna min wurin, na ce ya bari.

Ba wanda ya gaya min cewa ƙafar da aka cire tana ci gaba da ƙaiƙayi. Babban yatsana yakan dame ni cikin dare, in kai hannu in sosa katifa. Kwana na shida na ji kiran sallar asuba, na sauko daga gado kamar yadda na saba, na taka ƙafar da babu, na zube a ƙasa har ɗinkin ya ɗan buɗe. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani saurayi zabiya, manomi daga ƙasar Katsina, bai kai talatin ba. An cire masa kunne ɗaya, ga wani ciwon a leɓensa na ƙasa. Da muka gwada takardunmu, sunan ciwonmu ɗaya, harafi da harafi. Shi rana ce ta yi masa, don fatar zabiya ba ta da launin da ke tare ta, shi kuwa tun yana yaro a gona yake yini, ba malafa, ba riga mai dogon hannu. Ya ce ƙuraje masu kaushi sun daɗe suna fito masa a wuya da kunne, ana ce masa gishiri ne yake ci da yawa. Man kariya daga rana kuwa, a asibitin nan ya fara jin akwai shi. Yana da ƙanwa zabiya, duk damuwarsa a kanta take. Da za a sallame ni na yi masa alkawarin zan ɗinka mata riguna masu dogon hannu da hula mai faɗin baki, na kuma ɗinka, su ne ɗinkin farko da na yi da ƙafa ɗaya.

Biyu daga kaluluwar da aka cire an sami ciwon a ciki, don haka aka tura ni gashi, wato a riƙa haska wurin da wani inji don a kashe ragowar ciwon. Injin gashin ba ko'ina yake ba a ƙasar nan, sai da na bar jiha. Inda aka fara tura ni na tarar injin ya lalace, na wuce wani garin, na kama ɗaki kusa da asibiti, kwana biyar a sati har sati shida. Gashin kansa ba ya zafi, 'yan mintoci ne kana kwance, amma fatar wurin ta yi baƙi ta saɓule, ga gajiya kamar an yi maka duka. Gonar da na gada ita ta tafi a wannan. In na haɗa abin da na kashe wurin masu magani da kemis a shekara biyun farko, da ya isa a yi min ƙaramin aikin nan har da canji. Wannan lissafin na daina yin sa, don ba ya kai ni ko'ina sai hawan jini.

Dungulmin ya daɗe yana kumbura saboda kaluluwar da aka kwashe, sai bayan kusan shekara aka auna min ƙafar roba a asibitin ƙashi na Dala. Ina sa ta in zan je ɗaurin aure ko Juma'a. A shago na fi sakewa ba ita. Na sa wa kekena mota, ina dannawa da ƙafar dama, in babu wuta kuma in taka da ƙafa ɗayar, tana yi, sai dai ba na jure manyan kaya kamar da. Masu kawo ɗinki sun dawo, ba duka ba. Biyu daga 'ya'yana mata sun yi aure, babu wanda ya tambayi ƙafar ubansu. Inna ta rasu a 2022, ta ga na koma aiki.

Da farko duk wata uku nake komawa asibiti, yanzu duk wata shida. Su laluba matsematsi, su duba dungulmi, wani lokaci a yi hoton ƙirji. Likitan ba ya cewa na warke, cewa yake ba su ga komai ba, ni ma haka nake faɗa wa mai tambaya. Daren da zan koma ba na barcin kirki.

Tela yana ganin ƙafafun mutane fiye da kowa, don sai ka durƙusa za ka auna tsawon wando. Ni yanzu a kan kujera nake aunawa, amma idona bai daina sauka ƙasa ba. Kafin babbar sallar da ta wuce wani dattijo ya kawo yadi, mai sayar da itace ne. Na kai tef idon sawunsa sai na ga tsumma ɗaure a ƙwaurinsa, hancina kuma ya gane abin da ya sani. Na ce, "Baba, wannan ciwon ya daɗe?" Ya ce tsohon gyambo ne tun yana saurayi, yana zuwa yana tafiya, amma wannan karon shekararsa biyu bai tafi ba. Na roƙe shi ya kwance. Bakin ya taso, ya naɗe waje. Na ɗage rigata na nuna masa dungulmina, na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan, na rubuta masa sunan sashen da zai nema a asibiti a bayan takardar awo, na ce kuɗin ɗinkin ya riƙe ya yi kuɗin mota. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce, "Amma ka san daji ba ya son ƙarfe."

Na gama ɗinkin tun kafin salla. Kayan suna nan a rataye, bai zo ya karɓa ba. Na aiki yaron shago inda yake sayar da itace sau biyu, an ce ya tafi ƙauye neman magani.